Ranar da Injin Casa Ya Warke

Har yau, idan shinkafa ta zube a tsakar gidana na unguwar Dar es Salam, ba na bari a kai mata tsintsiya. Sai in durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa da suka gaji, in tsince ta ƙwaya-ƙwaya, jikokina na dariya suna cewa Kaka ta cika rowa. Rowa! Su yi ta faɗi. Ban taɓa gaya musu dalili ba, yanzu ma don takarda ce shi ya sa bakina ya buɗe.

A shekarar da fari ya dawo karo na biyu, soja na kan mulki, ina aiki a wani luzin, wato masana'anta, na casar shinkafa a hayin kogi, gaba da Lamorde. Ni ce mai buga takardu a biro, wato ofis. Ana nan sai aka kawo ordinatar, wato kwamfuta. Wani Anasara ya zo da ita, ya yi mako uku yana koya wa maza biyu, su kuwa kullum sai hamma da kukan ciwon ido. Ni da nake gefe ina buga wasiƙu na riga su ganewa. Da zai tafi ya bar mini ita, ya bar mini mabuɗin ɗakin. A duk luzin ɗin ɗakin nan ne kaɗai mai na'urar sanyi, wai ita ba ta jure zafi. Ma'aikata suka sa mata suna akwati, ni kuma ƴar akwati.

Abin da ke cikinsa, wanda yaran yanzu ke ce wa manhaja, aikinsa lura da injuna ne. Kowace safiya ina ba shi nauyin ɗanyar shinkafar da ta shiga jiya, da na tsabar da ta fito, da tsaki, da dusa, da buntu, da awoyin da kowane inji ya yi yana juyi ko yana tsaye. Shi kuma sai ya jero baƙaƙe masu launin kore a kan baƙin gilashi, ya ce ga inda ake ɓata lokaci, ga bel ɗin da ya kusa tsinkewa, ga kamiyon ɗaukar kaya nawa za a iya cikawa kafin Juma'a. Kada in ci haƙƙinsa, ya yi aiki. Kafin zuwansa inji kan mutu kwana biyu ana neman ƙarfe a kasuwa, bayan zuwansa sai a canja tun bai karye ba. Shinkafar kuwa arewa ake kai ta, inda mutane ke tonon gidan tururuwa don neman hatsi. Na yi alfahari da akwatin nan ƙwarai, kamar ni na haife shi.

Layi ɗaya ne a can ƙasa ya ƙi daidaita. Kullum sai ya nuna kusan rabin buhu ya shiga inji bai fito ta kowace ƙofa ba.

Babban mai kula da injuna wani dattijo ne, mutumin Dogonduci, kowa Baba yake ce masa. Da kunne yake sanin lafiyar inji, shi ya sa bai ɗauki akwatina a bakin komai ba. In na ratsa ta wurinsu da takarda a hannu sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba da hanya, ga ƴar akwati za ta koya wa kifi iyo." Samari su kwashe da dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, sai in yi ta tafasa har la'asar.

Akwai kuma wata tsohuwa. Tana cikin waɗanda yunwa ta koro daga ƙauyukan arewa, suka kafa bukkokin kwali da tsumma a bakin kogi. Kowace safiya kafin a tada inji takan shigo da guntuwar tsintsiya da ƙwarya, ta share ƙarƙashin injin casa na biyu, ta kwashe abin da ya zuba, ta sheƙe shi a bakin ƙofa, ta raba da wasu mata uku da ke jiranta a waje. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba wanda ya kore ta. An ce jikoki uku ne a hannunta, iyayensu sun tafi neman abinci ba su dawo ba. Hausarta kaɗan ce, Zabarmanci ta fi ji. Tana wucewa ta gaban tagata ta ce, "Fofo, ɗiyata," ni kuma in ce, "Ina kwana, Inna," ba tare da na ɗago kai sosai ba. Ƙarar tsintsiyarta ce agogona, da na ji shar, shar, na san lokacin kunna akwati ya yi.

Rabin buhun nan ya hana ni sakat. Na sa an gwada sikeli, lafiya lau. Na bi buhuna, babu yagagge. Wata rana da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na zagaya bayan inji na biyu. Akwai wani bututun yadi mai kauri, kamar ƙafar wando, da tsaba ke gangarowa ta cikinsa. Na shafa bayansa, sai yatsata ta faɗa cikin huda. Ba tsufa ya huda shi ba, don an bi bakin hudar da zare an daje ta tsaf, kada ta ƙaru.

Ina juyowa sai ga Baba tsaye. Ranar bai yi mini tsiya ba. Ya ce, "Ɗiyata, kin gani ko?"

Na ce, "Na gani, Baba. Wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Tun wancan farin na yi ta. Ko gona in an girbe, mai ita yana barin kala, ba ya komawa ya tsince. To luzin ma gona ce. Akwatin naki ba shi da gurbin ƙura da iska?"

Akwai gurbin. Da na ƙara rabin buhu a can, babu mahalukin da zai gane, don ni kaɗai na iya karatunsa. Amma na ce masa ni ba a koya mini ƙarya a makarantar lakwal ba. Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya koma wajen injinsa. Duk da haka na yi shiru kwana huɗu, ban rubuta ba, ban faɗa ba.

Shugaban luzin ɗin soja ne, kumandan, irin waɗanda aka aza a kan ma'aikatu a lokacin. Ba azzalumi ba ne, amma zamani ne da kan buhun hatsi ɗaya ake ɗaure mutum, shi ma tsoron na sama da shi yake ji. Ranar Litinin ya tara mu a biro, ya aza sandarsa a kan layin nan na ƙasa, ya ce, "Madmazel, akwatinki ya ce akwai ɓarawo. Ko ki nuna mini shi, ko in ɗauka ke ce ba ki iya aikin ba, a nemo namiji."

A nemo namiji! Kalmar nan ce ta kashe ni. Na ga mazan nan biyu masu hamma suna murmushi a kusurwa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Babu ɓarawo, ranka ya daɗe. Huda ce a bayan inji na biyu."

Wallahi a lokacin ji na yi na yi wayo. Ban ambaci Baba ba, ban yi ƙarya ba, na kuma rufe bakin maza. Kumandan ya yaba mini a gaban kowa, ya ce rabin buhu a arewa rai ne. Gaskiya ya faɗa, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai har yau. Ya sa Baba da hannunsa ya ɗinke hudar. Ina kallo ta taga yana zura allurar buhu, bai ko waiwayo wajena ba.

Washegari Inna ta zo kamar kullum. Ta durƙusa ƙarƙashin injin, siminti fes. Ta share duk da haka, lungu-lungu, ta fita ta yi magana da matan nan uku, suka juya. Rana ta biyu ita kaɗai ta zo. Ina cikin sanyina ina jin shar, shar, na ƙura wa gilashi ido kamar mai babban aiki. A cikin jakata akwai biredi da kuɗin taksi, ban tashi ba. Kunya ce ta danne ni a kujera, kunyar banza da ba ta ciyar da kowa.

Rana ta uku ta daɗe tana shara. Abin da ta tara bai cika tafin hannu ba, rabinsa ma ƙasa ce. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta zo ta tsaya a tagata, ta ƙwanƙwasa gilashi da yatsa. Na buɗe, zafi ya bugo ni. Fuskarta babu fushi ko kaɗan. Ta ce da guntuwar Hausarta, "Ɗiyata, inji ya warke?"

Na ce, "Ya warke, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sannunku da aiki."

Ita duk a zatonta ciwo injin ke yi tun da can, yanzu Allah ya ba shi lafiya. Ta jingine tsintsiyar a jikin bango, ta tafi. Ba ta sake zuwa ba.

Sai da na yi mako guda kafin na sayi tiya biyu ta shinkafa na gangara bakin kogi. Mako guda, jama'a, don in tsallaka titi! Na tarar da fili. An ce kamiyon soja sun zo sun kwashe mutanen, wasu na cewa sansani aka kai su, wasu na cewa ƙauyukansu aka mai da su. Duwatsun murhu kawai suka rage, uku-uku, ko'ina. Na yi ta tambaya, amma me zan tambaya? Ko sunanta ban sani ba. Wata uku tana gaishe ni.

Baba bai sake ce mini ƴar akwati ba har ya bar aiki. Madmazel yake ce mini, da ladabi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tsintsiyar ta yi watanni a jikin bangon, ba wanda ya taɓa ta, ni kuma kowace safiya in na sa hannu zan kunna akwati sai in tsaya in kasa kunne. Yanzu ma da safe, in maƙwabciyata ta fara sharar ƙofar gida, gabana yana faɗuwa.

Akwatin yana da gurbi a gefen kowace matsala, inda ake rubuta yadda ta ƙare, ba ya barin mutum ya wuce sai ya cika shi. Ranar da Inna ta jingine tsintsiyarta na rufe taga, na zauna, layin ƙasa ya daidaita a karo na farko. Da yatsun nan nawa na buga masa: an gyara.