Ciwon hanta ya sa na ajiye kunyar suruka

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ba Kwatano na tafi sarin kaya ba, kwance nake.

Da kasala abin ya fara. Na ce gajiyar hanya ce. Sai fitsari ya koma kamar shayi, ido ya yi ɗorawa, ƙanshin miya ma amai yake sa ni. Na sha saiwoyi har na gaji, kafin aka kai ni asibiti.

Awon jini ya nuna ciwon hanta. Likita ya tambaye ni ko na taɓa yin rigakafinsa, tunda kullum ina hanya. Ni allurar da ake dubawa a kan iyaka kaɗai na sani. Ya ce reza ko almakashin mai yankan farce a tasha ma sun isa su sa wa mutum shi.

Ƙarin ruwa, awo, magani, jarina ya tafi. Wannan duk da sauƙi.

Aka auna matata Rabi, ita ma tana da shi, ga cikin fari ya tsufa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Likita ya ce: "Ranar da ta haihu, ranar za a yi wa jinjirin allura. Kar ku bari ya kwana."

To, Rabi tana garinsu Tsibiri goyon ciki, kuma a gidansu jinjiri ba ya leƙa waje kafin suna.

Ta haihu da hantsi, a gida, aka samu mace. Na aika ƙanena a kai ta allura, aka ce a bari sai bayan suna. Na hau kabu-kabu, jiri na ɗibata.

Ni da ban taɓa haɗa ido da surukata ba, sai ga ni tsakar gidanta.

Ta ce: "Issufu, lahiya? Yau kai ne har ƙohwar ɗaki?"

Na ce: "Inna, ki gahwarce ni. Ciwon nan na san shi. Ba ni iya barin shi ya kama ɗiyar nan."

Ta dubi ramata. Sai ta ɗauko mayafi, ta rungumi jinjirar da kanta, ta ce mu tafi. Ranar aka yi mata allurar.

Ni na warke, alhamdu lillahi. Na gode wa masu zuwa dubiya da masu addu'a. Rabi har yanzu tana zuwa awo, hankalina bai kwanta ba.

'Yan'uwana matafiya, ku auna jininku, ku yi allurar nan duka uku, ku riƙe rezarku.

Jiya sakamakon yarinyar ya fito. Ba ta da shi. A bakin asibiti na zauna na yi kuka.