Agogon Abakar da na koya wa tafiya da baya

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Abakar direba, Allah ya jiƙansa, kuma yau zan tona wa kaina asiri: ni ne na ɓata agogon da ke bangon falonsa a unguwar Ammariyya, nan ƙasar Makka.

Abakar Bahaushen Sudan ne, ya yi wa wani injiniya ɗan Italiya tuƙi. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa agogon bango. Kai, jama'a! Fuska rawaya, gefe ɗaya ratsin baƙi da fari kamar jakin dawa, wata jar alwatika ta leƙo daga sama ba gaira ba dalili. Hannun minti a murɗe yake kamar taliyarsu, na awa kuwa da shuɗin ƙwallo a bakinsa. Lamba ko ɗaya babu. Abakar ya ce da gangan suka yi, wai wasa suke da lokaci. Na ce ƙarya ne, mantuwa suka yi a masana'anta, shi ya sa aka ba ka kyauta.

Ran da ya tafi Makka umara da iyalinsa ya bar mini makulli, na zo da farin fenti da tsinke don in taimaki ɗan'uwa. To ni karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba, abin da na riƙe kawai rubutu daga dama yake tafiya hagu. Na ɗora sha biyu a sama, na bi hagu da ɗaya, biyu, uku, ina ta yaba hannuna. Da ya dawo, ana kiran la'asar agogo yana cewa takwas da rabi. Abakar ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Ɗanjuma, ja'iri, halas, shi ke nan! Ka musuluntar da shi."

Bai taɓa gogewa ba, bai kuma gaya wa kowa mai aikin ba.

Kwanan baya 'yarsa Sumayya ta ja ni wani shago a unguwar Aziziyya. Bango guda cike da 'yan'uwan agogon nan! Wani kamar an fasa ƙwai, wani da lilo mai kama da harshe, samari na ta ɗaukarsu hoto. Na tsaya ina washe baki kamar ni na ƙera su. Da Abakar na nan da ya zaga shagon yana nuna ni da yatsa, yana ce wa mai kanti ya ɓoye fenti.

A hanya Sumayya ta ce, "Ya Ammi, baffana, ƙawayena suna cewa in goge lambobin nan, wai sun lalata shi. Bas, amma wallahi ba zan iya ba, hannun Baba ne."

Na karkatar da hirar kan agogunan shagon. To Sumayya, yau ga gaskiya: hannun baffanki ne. In kin goge, ba ki yi laifi ba. Amma babanki ya fi shekara ashirin yana duban wautata kullum safe yana murmushi, kuma wannan murmushin ne ya rage mini.

A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, yana kwance a falo ƙarƙashin agogon. Ya dube shi, ya dube ni.

"Tunda ka iya mayar da lokaci baya, Ɗanjuma, yalla, maza mayar da mu mana."