Fangali Sha Biyu na Ƙarshen Fadama

Maryvonne Cavalin tana da fangalin gishiri talatin da biyu a fadamar bakin teku da ke tsakanin garuruwan Batz da Guérande. Ashirin suna bakin titi. Sha biyu suna can ƙarshe, inda iskar teku ke fara sauka, kuma su ne gadonta na uwa. Shekararta sittin da ɗaya, arba'in da huɗu daga ciki a kan kunyoyin laka ta yi su, ƙafa ba takalmi.

Aikin ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Teku ya cika, a buɗe masa ƙofa, ruwa ya yi ta zagaye daga tafki zuwa tafki, rana da iska suna shanye shi, har ya iso fangali ya kwanta ya zama gishiri a kan yumɓu. Daga nan sai a jawo shi da manjagarar katako marar haƙori, mai ƙota mita biyar. Dabara ɗaya ce tak: ka tura ruwa, ruwan ya turo gishiri, katako kada ya taɓa ƙasa. Yumɓun nan in ya ji rauni, gishiri zai riƙa fitowa da laka, gyara kuwa sai bayan hunturu. Uwarta ta yi shekara hamsin tana lallaɓa daɓen sha biyun nan, har ya yi sumul kamar bayan faranti.

A ranin bana an yi kwana talatin da takwas ba ɗigon ruwan sama. Kowace rana fangali ɗaya yana ba da baro ɗaya. Baro talatin da biyu ke nan. Daga na bakin titi zuwa tulin gishiri taku sittin ne, daga na ƙarshe taku ɗari biyu da goma, zuwa kaɗai. Da yamma kuma, in iskar gabas ta kaɗa, ga furen gishiri ya taso saman ruwa, fari ƙal, a tsame shi kafin raɓa. Babu Lahadi. Duk fadamar kowa ya rame, kowa yana satar kallon sama, amma ba mai gishirin da zai buɗe baki ya ce yana son a yi ruwan sama. Abin kunya ne.

Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo tun kwana na goma sha tara. A na talatin ta daina iya taje kanta. Likita ya ce aiki za a yi mata, ta ce masa in aikin gishiri ya ƙare a kaka, an nutsar da fadama cikin ruwa, za su yi magana.

Maƙwabcinta Gildas Pichon, ƙato mai shekara arba'in da takwas, nasa fangalin suna manne da sha biyun. Sau biyar cikin shekara shida yana neman ta bar masa su ya yi aikinsu.

"Tsohuwa, yau nawa kika kwashe?" ya ce daga kunyarsa.

"Talatin da biyu, kamar jiya. Kai ka kai ashirin kuwa, da wannan tumbin?"

"Tumbin nan shi ke tura baro. Ni dai na ga kina riƙe manjagara kamar mai ɗauke da jaririn wani."

"Ka kula da naka. Kunyarka ta yamma tana yoyo tun Talata."

Ƙarfe huɗu 'yarta Nolwenn take zuwa da baƙi. Aikinta ke nan, zagayawa da 'yan yawon buɗe ido: ganuwar Guérande da safe, fadama da la'asar. Mutum ashirin da biyar a kowane ayari, da huluna da wayoyi. Maryvonne ta ƙirga tambayoyinsu ta ga uku ne ba su taɓa zama huɗu ba. Da gaske daga teku yake? Me ya sa ya yi toka-toka? Da hunturu hutu kuke yi ko? Tana amsawa ba ta ɗago kai ba, ido ɗaya a kan ƙafafunsu, kada wani mai tsinin takalmi ya hau mata kunya.

Ran kwana na talatin da tara Nolwenn ta kawo su har ƙarshen fadama, wai hoto ya fi kyau can saboda hasumiyar cocin Batz tana fitowa a cikin ruwa. Maryvonne tana kan fangali na ashirin da bakwai. Ta wurga manjagara, ta jawo, sai kafaɗar ta sake a tsakiyar ja, katako ya nutse. A hannu ta ji shi kafin ta gani. Gishirin da ya hau tudu ya zo da baƙin zaren laka a jikinsa.

"Dubi launi," in ji wata baƙuwa. "Wannan shi ne na ainihi, ko?"

Nolwenn ta dubi uwarta, ta yi maza ta juya ayarin wajen kallon tsuntsaye.

Da suka tafi, Maryvonne ta ajiye manjagara ta bi sha biyun ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, tana leƙen ƙasan ruwa. Rana ta karkata, komai ya fito fili. Karce huɗu a na ashirin da ɗaya. Bakwai a na gaba. A na ashirin da biyar har da rami mai cin tafin hannu. Ta haɗa duka, hamsin da uku. Ba na yau kaɗai ba ne, wasu sun yi sati biyu. Duk tsawon shekarun nan tana gadin daɓen uwarta daga takalman baƙi, ashe hannunta ne ke cin sa.

Ta zauna a kan baro. Gildas ya taho a hankali, ya tsaya nesa kaɗan.

"Tun yaushe ka gani?" ta ce.

"Kwana goma."

"Ka yi shiru."

"In na faɗa, cewa za ki yi kwaɗayi ne ke magana."

"Da kuwa haka zan ce."

Hanya biyu ce gabanta, ta kuma san su. Ko ta buɗe ƙofa ta nutsar da sha biyun a tsakiyar rani, daɓe ya tsira, gishirin sauran kwanaki ya narke a banza, baɗi kuma ta dawo da kafaɗa guda. Ko ta bar wa Gildas su, hannun da zai iya. Ta daɗe tana kallon ƙofar ruwan, ɗan allo ne kawai da za ta zare da yatsa biyu.

"Na ashirin da biyar ka bar shi ya huta kwana uku," ta ce. "Na talatin yana shan ruwa da yawa, ka rage masa rabi. Kuma ba a taka kunyar tsakiya da baro cike."

"To, maƙwabciya."

"Kada ka ce min to. Maimaita."

Ya maimaita, bai yi dariya ba.

Washegari ma ba a yi ruwa ba. Nolwenn ta biyo da sassafe da burodi da man shanu da kofi a gora.

"Mama, in ce wa baƙi me? Sun saba a ce talatin da biyu."

"Ce musu ashirin. Ba ƙirgawa suke yi ba."

Ta kwashe ashirin ɗin, baro ashirin, taku sittin-sittin, ta gama sha ɗaya saura kwata. Ƙafafunta da kansu suka ɗauke ta suka miƙa kunyar ƙarshen fadama, sai da ta yi taku arba'in ta ankara. Daga nan tana hango Gildas a na ashirin da biyu. Yana wurga manjagara da garaje, ba fasali, ba yadda uwarta ke yi ba. Amma ruwa ne ke turo gishirin, katako bai taɓa ƙasa ba. Ta tsaya ta ƙirga masa ja goma, duka goman tsaf. Sai ta juya, ta nemi inuwar tulin gishiri, ta zauna ta jingina kafaɗar hagu.