Kunyar Gidanmu a Teburin Faransawa

Assalamu alaikum, Edita. A farkon shekarun tamanin ni budurwa ce 'yar Kwarbai a cikin birnin Zariya, ina aji uku a jami'a, ina karanta Faransanci. In ka tambayi mutanen unguwarmu wace ce ni a lokacin, amsa ɗaya za su ba ka: yarinyar nan mai kunya. Ni kuma sunan yana yi mini daɗi, har wani kumbura nake yi a zuci idan na ji an faɗa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Goggo yayar Baba ce ta raine ni, ita kuwa Goggo in dai kunya ce, ita ce limamiyarta. A hannunta na koyi cewa ba a kallon babba ido cikin ido, ba a zama hira da sa'an uba, ba a surutu da loma a baki. Babban darasin shi ne, in an miƙo maka abinci a gidan mutane sai ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka yana kiran ciroma. Mai gida ya san aikinsa. Zai sake miƙowa, ya haɗa ka da Allah, ya tambaya ko raina abincinsa ka yi, sannan ka sa hannu a hankali kamar ba ka so.

Sashenmu yana da yarjejeniya da wata jami'a a Faransa. Duk ɗalibin da ya kai aji uku ana tura shi can shekara guda, a sauke shi a gidan Faransawa don harshensa ya saki. Da maganar ta iso gida sai zaurenmu ya ɗauki zafi. Baffannina suka ce ba a taɓa yi ba, 'yar gidan malamai ta haye teku ba aure, ta kwana a gidan Nasara. Baba ma'aikacin gwamnati ne, bayan la'asar kuma yana ba da karatun littattafai a zaure, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya bar su suka gama, sannan ya ce shi ne za a tambaya gobe kiyama, kuma ya san wadda ya haifa. Da ya kira ni ɗakinsa, abin da kawai ya ce shi ne, Uwata (haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini), na tsaya miki a gaban 'yan'uwana, kada ki dawo mini hannu Rabbana. Goggo kuwa ta cika mini jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli da tsamiya da yaji, ta bi ni har bakin mota tana jaddada mini kada a ce 'yar Kwarbai ta je ƙasar Turawa tana kwaɗayi.

An sauke ni a wani ƙaramin gari mai sanyi, gidan wasu tsofaffi biyu da ɗansu ɗaya ya girma ya koma babban birni. Matar, wadda nake kira Madam, 'yar gajeruwa ce mai saurin magana da saurin aiki. Maigidan dogo ne, tsohon malamin makaranta, wanda da ƙuruciyarsa ya koyar a Damagaram. Ranar da na iso, yana buɗe ƙofa ya ce mini sannu da zuwa da Hausarsa ta Bature, fuskarsa cike da murna. Ni kuma na durƙusa, na sunkuyar da kai, na amsa can ƙasan maƙoshi yadda ni kaina ban ji ba. A ganina na yi ladabin da Goggo za ta yi alfahari da shi.

Matsalar ta fara tun cin abincin farko. A gidanmu baƙo ɗaki ake kai masa akushi a ja masa ƙofa, ya ci ba mai kallon bakinsa. A nan kuwa teburi ɗaya aka zaunar da ni, Maigidan yana fuskantata. Madam ta riga ta san ba na cin naman alade ba na shan giya, ta ɗauki wahala ta dafa kaza musamman saboda ni. Ta miƙo, na ce na gode, na ƙoshi, ina jiran ta sake miƙowa. Sai kawai ta ɗaga kafaɗa ta mayar da kwanon gaban mijinta. Ina zaune ina kallon kazar nan tana ƙarewa, ga yunwar jirgi, ga baƙin ciki. A raina na ce lallai Turawa marowata ne, ko tayi na biyu babu. Ban taɓa kawo cewa su a wurinsu a'a tana nufin a'a ba.

Haka muka ci gaba. In an matsa na ɗauki ɗan burodi da miya cokali biyu, na tashi, na hau ɗakina na rufe ƙofa na ɓalle ƙullin dambu. Ga shi kuwa a ƙasar nan kan teburi ake hira, a nan ake musu da ba da labari, a nan abokan karatuna suke tsintar harshe. Maigidan yakan yi ta jan ni da magana a hankali, ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a marina, ko ganuwar Zariya ta kai yadda ake faɗa, ko ana fura da nono a wajenmu kamar a Damagaram. Ni kuwa e ko a'a, idona a kan faranti. In ya shigo falo na tashi na ba shi wuri, kamar yadda nake yi wa abokan Baba. Kowace safiya zai ce sannu, ni kuma in sulale ta gefensa. Wani lokaci nakan tarar da tuffa da burodi an rufe da adiko a bakin ƙofata, na ɗauka Madam ce ta tuna da tausayi, ban ko tambaya ba.

Kafin hutun ƙarshen shekara aka yi mana gwajin baka. A rubutu ba wanda ya fi ni, amma da aka zaunar da ni gaban malamai aka ce in yi magana, sai bakina ya ƙafe. Malamar da ke kula da mu baƙi ta kira ni ofis, ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ban buɗe baki ba kafin bazara, za a mayar da ni gida ba sakamako. Ta ƙara da abin da ya fi yi mini ciwo, wai Madam ta roƙi a canja mini gida, don ta gaji da yarinyar da ke ƙyamar abincinta, ba ta kallon fuskarta, tana gudun mijinta kamar kuturu, sannan ta kulle ɗaki tana cin wani abu a ɓoye. Na fito ina kuka a titi. Ni da ake nuna ni da yatsa a Kwarbai saboda tarbiyya, yau ni ce marar mutunci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar Baba a zaure, ranar da baffannina za su ce ai dama mun faɗa.

Ba a kai ga samar mini wani gida ba, Allah Ya yi wa Maigidan rasuwa. Ciwon zuciya ne, da rana tsaka, yana share ƙanƙara a ƙofar gida. Aka yi jana'iza, mutane suka zo da furanni, suka sha kofi, suka gaisa da Madam, kowa ya kama gabansa. Ɗan nasu ma kwana biyu ya yi ya koma bakin aiki. Washegarin tafiyarsa na sauko da hantsi na tarar da gidan tsit, Madam ita kaɗai a kujera da baƙaƙen kaya, tana kallon bango. Abin ya girgiza ni. A unguwarmu matar da mijinta ya rasu ba a barinta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Tsakar gida cike take da tabarmi, maƙwabta suna shigo da kwanuka, tsofaffi suna kwana da ita har a yi sadaka a watse a hankali. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ɗauko bargona na shimfiɗa a ƙasa kusa da ƙafafunta na zauna, don abin da na ga ana yi ke nan. Ta dube ni, ba ta kuma kore ni ba.

Da rana ta yi na lura ko ruwa ba ta sa a bakinta ba. Na shiga kicin ɗin da ban taɓa taɓa tukunyarsa ba, na sami shinkafa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na jiƙa tsamiyar Goggo, na dama kunun gyaɗa. Na kawo mata a kofi, ta ce a'a, ta gode. Na bar hannuna a miƙe. Ta sake cewa ba ta jin yunwa. Na matso da kofin, na harhaɗa Faransancin da nake da shi na ce mata ko don darajar mamacin ta sha, ba zan ɗauke ba. Sai ranta ya ɓaci, ta tambaye ni cikin faɗa ko ba na jin a'a ne. Ni kuma cikin gaskiyata na ce mata a wajenmu a'a ta farko ba a'a ba ce, kunya ce, mai miƙowa ne ke da alhakin nacewa har sai an karɓa.

Ta zuba mini ido, ni ma a karon farko na ɗaga kai na kalle ta. Ta tambaye ni a hankali ko daren da ta dafa kaza ina jin yunwa. Na ce kamar in mutu. Ta tambayi sauran ranakun, na ce duka. Sai Madam ta fashe da wata dariya da ta rikiɗe kuka, tana cewa ashe tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ta ba ni labarin yadda suka yi ta musu a kaina. Shi yana cewa ta yi haƙuri, haka 'ya'yan manyan gida suke a ƙasar Hausa, ta riƙa nacewa. Ita kuma tana cewa ya tsufa yana ƙawata abin da ya gani shekaru arba'in da suka wuce, ba za ta yi wa baliga ɗura ba. Shi ne mai ajiye mini tuffa a ƙofa. Shi ne kuma ya je jami'a da ƙafarsa ya roƙa a ba su ɗalibi Bahaushe, don kafin ya mutu yana son ya sake jin harshen a cikin gidansa. Edita, na zauna da mutumin nan wata da watanni, ban taɓa ba shi cikakkiyar jimla ɗaya ta Hausa ba. Wannan ciwon har yau bai warke ba.

Ta sha kunun, ta ce ya yi tsami, ta nemi ƙari. Daga ranar muka yi sharaɗi, in ina so in ce ina so, in ba ta gane wani hali nawa ba, sai ta tambaya. Na ci gaba da zaman makoki da ita irin namu, ita kuma mai makoki bakinta ba ya gajiya da labarin mijinta, dole in amsa, dole in tambaya. Tana gyara mini furuci ba sassauci, ina koya mata daka yaji. Ita da kanta ta je ta janye maganar canjin gida. Da bazara ta zo aka sake zaunar da ni gaban malamai aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na ba su labarin yadda ake zaman makoki a Kwarbai. Sai da suka ɗaga hannu suka ce ya isa.

Na dawo Zariya da sakamakon da Baba ya karanta a zaure a gaban baffannina, ya naɗe ya sa a aljihu. Goggo ta ja ni ɗaki ta tambaya ko na riƙe mutuncin gida. Na ce na riƙe har ya kusa kashe ni da yunwa. Da na ba ta labari ta yi ta salati, daga baya ta ce to ai laifin matar ne, wa ya ce a yi tayi sau ɗaya. Amma da na zo kan maganar tuffa sai ta share ido da bakin mayafi, ta ce wannan Bature ɗan halak ne.

Yau ni ma Faransanci nake koyarwa, kuma ban zubar da kunyata ba, ban kuma ce kowa ya zubar da tasa ba. Tarbiyyar da ta rufe mini baki ita ce ta zaunar da ni a ƙafafun matar nan ranar da kowa ya watse. Kuskurena shi ne na ɗauka duk duniya a ɗakin Goggo aka raine ta. Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu shirin fita karatu, musamman mata, ku tafi da al'adarku, amma ku buɗe baki ku yi bayaninta tun ranar farko. Ladabin da ba a gane ba, wulaƙanci ake ɗaukarsa. Iyaye kuma, in kuna cika jaka da dambu da nasiha, ku haɗa da cewa in an ji yunwa a faɗa. Sannan duk wanda ya tarbe ku da fara'a, kada ku ce sai kun saba za ku saki jiki da shi, don ba ku san kwanan da ya rage masa ba. Ni dai tun daga shekarar nan, duk wanda ya ce mini sannu, babba ne ko yaro, sai na tsaya, na ɗaga kai na dube shi, na amsa masa yadda zai ji.