Tafin Mijin Yaya

Mijin yayata bakanike ne, amma ba da sifana ya yi suna ba, da tafin hannu ne. Sai a tayar da mota, ya ɗora tafinsa a kan inji, ya lumshe ido kamar mai jin zazzaɓin yaro, ya faɗi abin da ke damunta. Shi ya sa kowa a layin garejin ke ce masa Mai Tafi. Ni kuwa, da yake ƙanwar matarsa ce, nakan ce masa ungozomar motoci, shi kuma ya ce mini Auta mai kashe giya.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ƙafafun inji, wato robobi da notunan da ke riƙe inji a jikin mota. Kullum karatunsa ɗaya: noti ba ya karyewa don ra'ayin kansa. Ko robar ta mutu, ko baƙin mai ya jiƙa ta har ta ruɓe, ko wani mai jin ƙarfi ya ɗaure notin kamar yana da gaba da shi. Mun ji wannan karatu har a kan tabarmar cin abinci.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ɓoye wa kowa, har Yaya. Da aljihu yake gaisawa da mutane. Ranar da ya ce wa wani direba injinsa na karkarwa, aka kwance aka tarar lafiya lau, ya gane hannunsa ne ya yi masa ƙarya. Ya rufe gareji ya dawo gida ya zauna, wai hutu yake. Mutumin da ko ranar sunan 'yarsa sai da ya leƙa gareji! Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa.

Ana haka motata ta fara buga "gum" duk lokacin da na sa giya, sitiyari na kaɗawa. Bakanike bai ƙare a gari ba, amma ƙofar gidansa na kai ta.

"Auta, kai ta wani wuri," ya ce. "Hannun nan ya daina faɗin gaskiya."

"Ido ma ya daina? Ko kunnen ne ya bi shi?"

Yaya da ke jin mu ta shiga ciki. Ta fito da kofin shayinsa, ta buɗe gaban motar, ta ɗora kofin a kan inji. Ya harare ta, sannan ya ce mini, "Taka birki sosai, ki sa giya, ki ɗan ba ta wuta."

Injin ya ɗaga gefe ɗaya, shayin ya tuntsure ta hagu. Kafin in kashe motar har ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, da fararen kayansa. Da hannun hagu ya zaro guntun noti, ya fito yana juya shi a rana.

"Kin ga bakin karayar? Wannan ɗan gefen mai ƙyalli shi ne ya ƙarasa karyewa jiya. Sauran duk tsatsa ce. Ya daɗe a tsage yana ɗauke da inji, bai gaya wa kowa ba. Da kin kawo ta tun tana ɗan kaɗawa, roba kawai za a canza. Yanzu ga shi ya ja wa sauran ƙafafun wahala."

"Ikon Allah," in ji Yaya, tana goge kofin da bakin zani. "Ashe noti ma yana da halin wani da na sani."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga idonsa ya cika. Ya daɗe yana kallon guntun ƙarfen. Daga nan ya fito da hannun daman daga aljihu, yana rawarsa a fili, ya miƙa mata.

"Tun bara ne," ya ce.

"Na sani, Baban yara. Ni ke wanke rigar da shayi ke zuba a kai."

Washegari ta raka shi asibiti. Kwana ɗaya bayan nan ya buɗe gareji, da kofi a hannun hagu.