Minti Ashirin na Baba Zuba-Ruwa

Ƙarfe shida na safe za ka tarar da shi yana goge gilashin bas ɗin kamfani. Ya duba mai, ya duba taya, ya ajiye jarka biyu a bayan kujerarsa, babu ko ɗigon ruwa a cikinsu. Shekara ashirin da uku direban nan ya yi yana kai baƙi masu yawon buɗe ido daga otal-otal na birni zuwa bakin tafki. A hanyar nan ya samo sunan Baba Zuba-Ruwa.

Bakin tafki ya ji daɗinsa: wuta, famfo, shaguna, har da asibiti. Ƙauyen da ke bayan dutse kuwa, tafiyar rabin awa kacal, sai kallon ƙeyar motoci. Kwalta ta bi ta ƙofar gidajensu, arziki yana wuce su a guje. Abin da ciwo wallahi.

Bas ɗin Baba ce kaɗai ke tsayawa. Da ya iso sai ya ja tsaki, ya ce inji ya yi zafi. Ya buɗe murfi, ya ɗauki jarka ya nufi rijiya, yana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Kafin ya dawo baƙi sun sauka, mata sun baza kwanduna da tabarmi da tukwane. Minti ashirin ne fa! Malamin firamaren ƙauyen ya shaida cewa da cinikin mintocin nan aka yi wa aji biyu rufi, da shi wata mai saƙar kwando da mijinta ya rasu ta kai 'ya'ya uku makaranta.

Bara aka kawo sabon manaja. Ya buɗe shagon tsaraba a cikin otal, ya sayo sababbin motoci, ya ce duk direban da ya tsaya a hanya ya kori kansa. Saura wata bakwai Baba ya yi ritaya ya karɓi kuɗin sallamarsa, kuma da su yake sa ran ƙarasa ginin gidansa.

Wata Talata sai ga manaja a kujerar gaba.

"Baba, motar nan sabuwa ce dal. Yau zan ga zafin nan da idona."

Baba ya tayar da mota. Suka kama hanya. Maganar mai ɗakinsa na yi masa yawo a kunne: "Malam, don girman Allah ka riƙa wucewa, wata bakwai ne kawai." Suna shan kwanar dutse ya hango matan, sun riga sun shimfiɗa kaya. Mai saƙar nan ta miƙe tana ɗaga masa hannu. Manaja ya zuba wa allurar auna zafin inji ido, tana kwance abinta.

Baba ya taka birki.

"Me ya sami injin?" in ji manaja.

"Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai. Tsohuwar motar ma ba ta taɓa zafi ba. Ni ne ba na iya wuce su."

Ya ƙarasa da baƙin bakin tafki, ya miƙa makulli. Kuɗin sallama ya bi ruwa, gidan yana nan ba rufi.

Kai ne, Baba, ka raba abin da masu biro da takarda suka kasa rabawa, da jarka biyu. Kai ne ka ga mutane a inda wasu ke ganin gefen titi. Mun gode, Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa musu.

Ku da baƙi ke bi ta hannunku, ku waiwayi na gefen hanya, ko da na minti ashirin ne. Direbobin da Baba ya bari a kamfanin tuni suka ɗauki darasi. Manaja ya kira kanikawa har sau uku, sun rasa gane kan abin: motoci shida, sababbi dal, duk sai sun yi zafi a bayan dutsen nan.