Bencin Shagon Inna

Shagon mahaifiyata yana Gyadi-Gyadi, ɗaki ɗaya ne, atamfa a jere tun daga ƙasa har rufi. Amma idan na lumshe ido ba atamfar nake fara gani ba, benci nake gani. Da la'asar nas-nas na asibitin koyarwa kan taso daga aiki su zube a kansa, su tuɓe takalma, fanka na kaɗa musu mayafi. Inna ta yi ta sauko da turmi bayan turmi. Mace ta murza gefen atamfa, ta shinshina, sannan ta kai harshe ta ɗan lasa. Wai ta ƙwarai tana da ɗan gishiri-gishiri. Ni dai na lasa har na gaji, ban taɓa jin komai ba sai yadi. A daɗe ana hira, wata ta saya, wata ta sha ruwan randa ta tafi, Inna ko a jikinta.

Ban san ranar da suka daina zuwa ba. Ba faɗa aka yi ba, kuma ba su daina saye ba. Waya ce ta shigo tsakani. Ni ce ma mai ɗaukar hoton atamfa in ɗora a intanet, mace tana kwance a Daurawa ta zaɓa, mai adaidaita ya kai mata har ƙofa.

Na kan zauna in yi ta zuba wa Inna labarin gobe, har ni kaina in shagala. Na ce wata rana ko shago ba a buƙata, mace za ta ga kanta cikin atamfa a waya tun ba a yanka ba, daga ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba a riƙa sayen kayanmu muna barci. Tana saurare, idonta a titi.

"To, da wa za su gaisa?" ta ce.

Hoto yana son farin bango da fitila, kuma babu wuri sai inda bencin yake. Na matsa mata a ɗauke shi, don ni ba haƙuri ya ishe ni ba.

"Bari Sallah ta wuce," in ji ta. "Kayan Sallah ai sai mutum ya zo da ƙafarsa."

Kowace safiya ta goge bencin, ta cika randa. Azumi ya zo ya wuce. Ba mu taɓa ciniki irin na shekarar ba, kuma babu wadda ta zauna. Bayan Sallah ita da kanta ta kira kafinta maƙwabcinmu ya ɗauke shi. Ni kuma da na samu abin da nake so, sai na ji ba daɗi.

Wata la'asar ina shirya saƙon wata tsohuwar nas da ta koma Unguwar Gano. Na juya ɗauko leda, da na waiwayo sai na ga Inna riƙe da turmin, ta kai gefensa baki.

"Inna, me kike yi? An fa riga an saya."

Ta ninke shi a hankali, ta shafa, ta miƙo min.

"Ita ba za ta zo ba," ta ce. "Wa zai lasa mata?"